Zuwa Damagaram da Kwamfutar Rifkatu

Tun da na dawo daga Damagaram kunnena bai huta ba. Duk ƙawar da na haɗu da ita, a gidan biki ko a layinmu na Gama, tambayar ɗaya ce: "Ma'u, ya garin? Da gaske burodinsu ya kai tsawon hannu?" Kilishin da na kawo ya ƙare tun kafin in warware jaka. Labarin ne ya rage, shi kuwa na gaji da gutsura shi kaɗan-kaɗan. Ga shi nan gaba ɗaya. Amma sai kun yi haƙuri mun fara daga ofis, don can tafiyar ta samo asali.

Ofishinmu na lauyoyi tsohon gida ne a Nassarawa GRA, irin masu doguwar baranda da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Mai shi Barista Bilkisu, mu dai Hajiya muke ce mata. Tun da na gama bautar ƙasa teburina yake bakin ƙofarta. Hajiya ba ta iya tunani a zaune. Sai ta cire takalmi, ta riƙa zagaya ɗakin tana faɗa, ni ina rubutawa da biro. Wani lokaci kalma ta ɓace mata, ta tsaya tana kaɗa yatsa a iska, in miƙa mata ita. Ta ce, "Yawwa, 'yar gari." Ba zan ɓoye muku ba, saboda wannan "yawwa" nake tashi da sassafe.

Sai Rifkatu ta zo. Lauya ce kamar ni, 'yar Wusasa, mai fara'a da saurin hannu. Kafin damina ta shigo ta kwashe fayilolin da gara ke ci a sito, ta bi su shafi-shafi da na'urar ɗaukar hoton takarda, ta zuba su a kwamfuta. Shari'ar da muke yini muna nema a cikin ƙura, yanzu sunan mai ƙara kawai za ka rubuta ta fito. Ta kuma kawo wata manhaja da mutum biyu ke rubutu a takarda ɗaya, kowa daga teburinsa, sunan kowa na yawo a kan shafin kamar ƙaramar tuta. Ta Hajiya koriya ce, ta Rifkatu ja. Nakan buɗe takarda in zauna ina kallon tutocin nan biyu suna bin juna daga layi zuwa layi, kamar tattabaru a kan katanga, birona a hannu ba mai kiransa.

Ana gobe za mu tafi Hajiya ta kira mu. Ta ce, "Teburin ƙofata ɗaya ne, ku kuma biyu ne. In mun dawo zan faɗi wadda za ta zauna a kai ta riƙa rubutu da ni. Ɗayar ta koma ɗakin gaba wajen karɓar baƙi." Rifkatu ta ce, "To, ranki ya daɗe," kamar an ce mata ta miƙo ruwa.

Abin da ya kai mu kuwa, wasu dattawa biyu ne. Alhaji Sani, mai sayen riɗi a Dawanau, da Elhaji Mutari na Damagaram, mai aiko masa da shi. Tun suna samari suke ciniki da baki kawai, ba takarda. Bara wani kaya ya jiƙe a hanya, 'ya'yansu suka yi cacar baki a kan wanda zai ɗauki asara, shi ne aka ce a rubuta yarjejeniya tun iyayen na raye. Ciwon ƙafa ya hana Alhaji Sani tafiya, sai ya ba Hajiya takardar wakilci ta sa hannu a madadinsa. Elhaji Mutari ya ce ya yarda, amma sai ya ga fuskar abokinsa ya ji amincewar daga bakinsa. Rifkatu ta ce wannan mai sauƙi ne, kiran bidiyo za a haɗa.

Mun tashi bayan asuba da Malam Idi direba, mutumin Ringim, wanda ba ya wuce mai tallan gyaɗa bai taka burki ba. Hajiya na gidan gaba, mu biyu a baya, jakar na'urorin Rifkatu a tsakaninmu kamar jaririn da ake lallaɓawa. Gero ya yi kai a gonaki, sararin sama a wanke. Da wata rana ce, da na jingina da taga ina ta saƙa baituka a zuci. Ranar nan kuwa kunnena na gaba, ina jin Hajiya na cewa, "Rifkatu, buɗe min sakin layi na huɗu," ita kuma ta miƙa mata allon hannu.

Wajen Kazaure muka tsaya sayen ƙosai, na tsaya ina neman ragi. Rifkatu ta leƙo ta taga. Kun san wasan da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa, kullum a ofis muna yi.

"Bakanuwa! Ƙosan ma sai kin taya? Ko da me ka zo an fi ka, sai dai ban da kwamfuta!"

Hajiya ta yi dariya, Malam Idi ya buga sitiyari. Da a da ne, kafin ta rufe baki na rama. Ranar nan maganar ta same ni a inda ke ciwo. Na yi murmushin yaƙe, na shiga mota, na rufe fuska da mayafi wai barci nake ji.

Ta Daura muka bi zuwa Kongolam. Ɓangarenmu ba a daɗe ba, jami'an duk sun san Malam Idi. Da muka tsallaka Ɗan Barto wayoyinmu suka mutu gaba ɗaya, sai ta Rifkatu, don ita ta tanadi layin can tun daga Kano. Ni abin da na tanada daban ne. Na ɗan taɓa Faransanci a jami'a, na kwana biyu ina maimaita gaisuwa don Hajiya ta ji. Da jandarma ya iso na gyara murya na zuba masa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Lahiya lau, ƙanwata. Kun sha hanya. Ina katinku na rigakahi?" Hausarsa ta fi tawa tsabta.

A wajen 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu, aka tsare na'urar ɗaukar hoton takarda. Wani dogon jami'i ya juya ta, ya leƙa bakinta, ya ce bai taɓa ganin irinta ba, sai shugabansa ya dawo daga gari. Hajiya ta fara zaro dokoki, ni na fara tunanin kwana a kan iyaka. Rifkatu ta ce masa da irin "malam" ɗinsu na Faransanci, "Mushe, kana da wata takarda da kake tsoron ta lalace?" Ya zaro wani tsohon hoto daga walat, duk ya karye a tsakiya. Mahaifiyarsa ce, ta rasu. Rifkatu ta zura shi a na'urar, sai ga tsohuwar ta cika allon kwamfuta, har zanen fuskarta ana gani. Mutumin ya daɗe yana kallo. Ta tura masa a waya, shi da kansa ya mayar mana da na'urar cikin jaka, ya raka mu har mota. Hajiya ta waiwayo ta ce, "Yarinyar nan, Allah ya yi miki albarka." Na ce amin a fili. A ciki kuwa sai da na yi istigfari.

La'asar ta same mu a Damagaram. Abin da ya fara ɗaukar idona mata ne a kan babur, su ke tuƙawa, da hijabinsu da jakarsu, ba mai waiwayensu. Na tuna yadda layinmu zai fito kallo in na gwada haka a Gama. Wutar lantarki kuran suke ce mata, ofis buro, sabis ɗin waya kuma rezo. Gaisuwarsu doguwa ce, ba a gaggauta ta, mai shago zai bar ciniki ya tambaye ka gajiya da gida da yara da ruwan bana.

Masaukinmu ƙaramin gida ne mai tsabta, ni da Rifkatu ɗaki ɗaya. Na zaro cajata zan sa, sai na ga ramukan bangon biyu ne, zagayayyu, bakin cajar kuma uku. Na tsaya ina kallon bango kamar baƙuwar da aka rufe wa ƙofa. Rifkatu ta jefo min wani ɗan abin haɗi daga jakarta. "Na sayo biyu, na san Bakanuwa ba za ta kashe kuɗinta ba." Na ce na gode. Ta ɗan dube ni, ta ci gaba da jera wayoyinta.

Matar mai masaukin ta kawo mana dambun zogale da ya sha ƙuli-ƙuli da gasasshen naman rago, sai shayi mai kauri a 'yan ƙananan kofuna da cuku, busasshen cukwin nono da ake karyawa kamar takarda. Da safe kuma burodin da kuke tambaya. E, ya kai tsawon hannu, bayansa da tauri har ya kankare min dasashi, cikinsa kuwa kamar auduga. Malam Idi ya ce wannan ba burodi ba ne, sandar kiwo ce, ya nemi koko.

A can, yarjejeniya ba ta zama sai an je gaban wani irin lauya mai riƙe da hatimin hukuma, ya karanta wa kowa, ya buga. Metir ake kiransu. Namu Metir Lawali ne, siriri mai farin gilashi, ofishinsa shiru kamar ɗakin karatu. Aka ce a shigar da sunayen shaidu a kwamfutarsa, na yi wuf na zauna, ga dama ta samu. Na buga ba tare da kallo ba, yadda na saba. Da na ɗaga kai, abin da ke allon ba sunan kowa ba ne. Ashe haruffan madanninsu ba a inda namu suke ba. Rifkatu ta sunkuyo ta taɓa wani abu, komai ya dawo daidai.

Elhaji Mutari ya iso da babban ɗansa. Dogon dattijo ne mai rawani, bakinsa ja da goro. Rifkatu ta ɗora kwamfutarta a tebur ta juya masa allon, sai ga Alhaji Sani zaune a ɗakin gaba na ofishinmu, Malam Bulus tsohon akawunmu a gefensa. Na gane fankar tsaye da ke kusurwa da kalandar bango. Dattawan suka gaisa, murya na fita tas. Rifkatu ta ga komai ya hau, ta koma wajen Metir suna shirya bugun takardu.

Kanawa da Damagarawa ma abokan wasa ne, har sun fi mu da Zazzagawa zafi. Elhaji ya gyara zama, ya matso da fuskarsa.

"To, Bakano! An ce ƙahwa ta hana ka zuwa. Ƙarya ne, kuɗin mota ka ji tsoro!"

Muka yi dariya, muka jira ramuwa. Alhaji Sani bai ce komai ba. Girarsa a haɗe, bakinsa a tsuke, idonsa a kan Elhaji.

Elhaji ya sake gwadawa. "Bawana, ubangidanka na magana, ka yi shiru?"

Shiru. Fuskar nan ba ta ko motsa ba.

Na ga dariyar Elhaji tana janyewa a hankali kamar ruwa a rairayi. Ya jingina baya. Da ya sake magana muryarsa ta sauka ƙasa, ba da allon yake ba, da Hajiya yake.

"Hajiya, tun muna ɗaukar buhu a ka nake jifan mutumin nan da magana, bai taɓa bari ta faɗi ƙasa ba. Ranar da aka binne matarsa ma na tsokane shi, ya rama yana hawaye. Yau ya dube ni ya ƙi. Ashe zancen kayan nan da ya jiƙe yana ransa." Ya tattara babbar rigarsa. "In takarda ce kaɗai ta rage tsakaninmu, ku riƙe takardarku."

Hajiya ta miƙe tana ba shi haƙuri, idonta a kansa. Ɗansa ya riga ya kama ƙofa. Rifkatu ta ɗago daga wajen na'urar bugawa, ta rasa me ya faru, don ita ta ga hoto na nan, ta ɗauka komai lafiya.

Ni kuwa, da yake kallo ne aikina tun ina yarinya, ba fuskar Alhaji nake duba ba, bayansa nake duba. Iskar fanka ta ɗaga takardar kalanda sama, kuma tana nan a sama, ba ta sauko ba. Wani abu mai zaƙi ya tsarga min a ƙirji. Ga kwamfutar Rifkatu ta kunyata ta a gaban Hajiya, a ƙasar mutane. Sai idona ya sauka a ƙafar Elhaji, tana lalubar takalmi a bakin ƙofa tana kuskurewa. Zaƙin ya koma ɗaci.

Na ce, "Baba, don Allah kafin ka tafi, zo ka duba bayan abokinka. Ka taɓa ganin takarda ta tashi sama ta tsaya cak?"

Ya dawo da takalmi ɗaya a ƙafa, ya sunkuya, ya ƙura ido.

"Hoton ne ya sandare, Baba. Ba shi ba ne."

Na karɓi wayar Metir na kira Malam Bulus, na buɗe murya kowa ya ji. Ya ce an ɗauke wuta, mai gadi na fama da janareto. A bayansa kuwa muryar Alhaji Sani ce ke tashi kamar ana rabon faɗa.

"Ba ni wayar nan! Mutari? Tun ɗazu nake wanke ka, ashe bango nake zagi! Kuɗin motar tara su nake in saya maka sabon rawani, wannan na kanka tun ina saurayi na san shi!"

Elhaji ya zauna daɓas a kujera. Ya yi dariya har rawanin ya karkace, ya sa gefensa ya goge ido. "Kun ji ɗan banza. Kun ji shi ko?"

Rifkatu ta gaya wa Malam Bulus yadda zai haɗa kwamfutar da wayarsa, hoto ya dawo, kalanda ta sauko. Ashe ƙafar ce ta soki Alhaji Sani daidai lokacin da hoton ya tsaya, shi ya sa ya haɗe gira. Metir ya karanta yarjejeniyar da Faransanci, ya maimaita da Hausa, Alhaji Sani ya ce ya amince, aka sa hannu, hatimi ya sauka, aka shafa fatiha a gari biyu lokaci ɗaya. Elhaji ya zaro farin goro ya miƙa wa allon. "Karɓi, matsiyaci." Sannan ya damƙa wa Hajiya ta kai masa.

Da rana garin ya rufe, haka al'adarsu take, ofis da shago duk sai an huta. Da yamma muka fita sayen kilishi ni da Rifkatu. Muna tsaye mai kilishi na naɗewa, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Kin cece ni yau."

Na ce ba komai.

Ta ce, "Amma ke ma tun Kazaure hotonki ya tsaya, Ma'u. Ina ta jifa, ba ramuwa. Ni ban san lambar da zan kira ba."

Ni da nake miƙa wa Hajiya kalmomi, ƙarya kawai na samu. Na ce ciwon kai ne. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta karɓi ƙunshin kilishin.

Dawowa ba wani labari, sai tayar da ta fashe mana kusa da Daura, da Malam Idi da ya rantse ba zai ƙara cin burodin da ake yi wa ladabi da haƙori ba.

Ranar Litinin Hajiya ta kira mu. Teburin na Rifkatu ne. Hajiya ta ce, "Rubutu ya koma na'ura, Ma'u, ba zan yaudare ki ba. Ke kuma Allah ya ba ki ido. Yanzu rabin masu zuwa wajenmu ta allo suke zuwa, ina son wadda za ta zauna da su ta ga abin da na'ura ba ta gani." Ta ce ba ragi ba ne. Na ce na gode, ranki ya daɗe. Na kwashe birona da ɗan tulun furena na koma ɗakin gaba, kusa da fankar nan da kalandarta.

Kada ku ce na warke. Bangon ofishin ba kauri gare shi ba. Ina jin takun Hajiya ba takalmi tana zagaye, wani lokaci in ji ta ce "yawwa", ba da ni ba. Sai in tashi in gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Shekaranjiya na kasa daurewa, na buɗe takardar da suke rubutawa, don kallo kawai. Na manta cewa duk wanda ya shiga, tutarsa na bayyana. Ga koriya, ga ja, sai ga wata shuɗiya a can ƙasa ta rakuɓe, da sunana a kai. Kafin in gudu, jar ta gangaro kusa da ni, rubutu ya fito:

"Bakanuwa, leƙe kika zo? Kallo ma kyauta kike so?"

Na tuna ƙafar Elhaji tana neman takalmi. Na rubuta:

"Na zo duba ko Bazazzagiya ta koyi rubutu, ko har yanzu na'ura ke yi mata."

Ta bango na ji dariyarta ta fashe. Sai koriyar tutar Hajiya ta sauko a hankali ta tsaya a kanmu.

"Takardar kotu ce wannan. Ku goge shirmenku."

Rifkatu ta goge nata nan take. Nawa na bar shi ya ɗan jima, sai da na tabbata ta karanta shi sau biyu.